Awon Yatsun Valda

Duk unguwar Elsies babu wanda bai san Valda Fortuin ba ta yarda da sikeli ba. Sauran mata in Kirsimeti ta ƙarato sai su je wurin mahauci su ce a auna musu gamon, wato kyafaffiyar cinyar alade, kilo kaza. Ita kuwa sai ta sa a shimfiɗa mata kyafaffiyar cinyar aladen a kan teburin yanka, ta naɗe hannun riga, ta bi ta da yatsu tun daga wajen ƙashi tana kiran sunayen masu zuwa cin abinci. Namiji yatsa biyu. Mace ma biyu, don ta ce yangar da suke yi a teburi ƙarya ce, a kicin suke ramawa. Yaro yatsa ɗaya, fasto uku. Sannan kowane suna sai ta ƙara masa yatsa guda na barakat, saboda a gidan Fortuin ba a taɓa sallamar baƙo hannu rabbana ba, kowa sai ya tafi da robar askirim cike da abin da ya rage. In cinya ta ƙare suna bai ƙare ba, sai a mayar da ita a kawo wadda ta fi ta, ko da layi ya kai bakin titi.

Mijinta Neville shi ne ɗan riƙon jaka. Da can ba ya zuwa, don direban bas ne, kuma kusan duk ƙuruciyarsu a kan sitiyari yake yin Kirsimeti, yana kwasar masu zuwa bakin teku da ma'aikatan asibiti. Sai rana ta yi sanyi, baƙi sun watse, yake shigowa ta ƙofar kicin da hular aikinsa a ka, ya ci nasa. Tun da ya yi ritaya ne ta ɗora masa rakiya, kuma da sunansa take buɗe awo kowace shekara.

"Fortuin, biyu," haka take cewa, "ko da yake bai yi aikin ko ɗaya ba."

Shi kuma ya ce wa Cedric mahauci, "Cedric, kai ne shaida. Ranar da na gudu kada ka ce ban gaya maka dalili ba."

Haka suke. Shekara arba'in da ɗoriya tana yi masa faɗa, kan takalmi, kan jarida, kan yadda yake hura shayi, shi kuma yana ƙiba da faɗan kamar ana ba shi abinci. Maƙwabta in suka ji gidan shiru sai su leƙo su ga ko lafiya.

Bana dai ba lafiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma Neville ya daɗe da sani. Ya tsinci butar shayi a cikin firji, ya mayar da ita inda take. Ya ga ta tsaya a tsakiyar falo da tsintsiya tana kallonta kamar wani ne ya ba ta ajiya. Da abin ya yi yawa 'yarsu Lorna ta kai ta asibiti, likita ya ce mantuwar tsufa ce, kuma daga kusa take fara ci, ta bar na nesa sai daga baya. Neville bai damu da butar shayi ba, a sa ta a firji kullum in an ga dama. Abu ɗaya yake tsoro: ranar da Valda za ta dube shi ta rasa ko shi wane ne.

Lorna ta so a sauƙaƙa. Ta ce bana a yi a gidanta, ta sayo yankakken gamon a babban kanti, an riga an rubuta adadin mutanen da zai isa a jikin ledar.

"Leda ce za ta gaya wa uwarki cikin Fasto Adonis?" in ji Neville. "Leda ta taɓa ganin yana ci?"

"Baba, ba wasa nake ba. In ta rikice a gaban mutane fa?"

"Ta rikice a gidanta. Ki bar mata cinyarta, Lorna. Ita kaɗai ta rage ba a karɓe ba."

Suka je shagon Cedric da hantsi, iskar Disamba tana neman ɗage wa mata siket. Valda ta sha rigarta ta zuwa coci, ta yi fes. Da Cedric ya hango su sai ya ajiye wuƙa ya ɗaga hannu sama.

"Jama'a, kowa ya nemi wurin zama, alƙali ta iso! Anti Valda, bana na tanadar miki wadda ko ke sai kin sara mata."

"Rufe baki ka kawo. Ubanka ma haka yake cika baki, ya kawo mini ƙafar kaza."

Aka shimfiɗa cinya. Ta naɗe hannun riga. Neville ya gyara tsayuwa, ya shirya amsarsa ta kowace shekara a kan harshe.

"Lorna, biyu da ɗaya," in ji Valda. "Mijinta, biyu da ɗaya. Yara..."

Neville ya ji ba da sunansa ta fara ba. Ya ce a ransa ai tsari ne kawai ya canza, tana zuwa. Yatsun suka ci gaba da tafiya a kan fatar naman, a natse, babu ko rawa. Ta kira fasto, ta kira Doreen matar ƙaninta. Sannan ta ce, "Sam, biyu da ɗaya, a ƙara masa rabi don ba shi da kunya." Sam ƙaninta ne, mijin Doreen, kuma ciyawa ta daɗe da rufe kabarinsa. Ta kira Anti Hester, ta kira mahaifiyarta, ta ce a yanka wa tsohuwa siriri saboda haƙori. Matan da ke layi suka daina hira. Cinya ta ƙare, suna bai ƙare ba.

"Ka gani? Ƙafar kaza. Kawo wata."

Cedric ya dubi Neville. Neville ya gyaɗa masa kai. Mahaucin nan, Allah ya yi masa albarka, ya shiga ɗakin sanyi ya rungumo wata shirgegiya kamar jariri ɗan wata tara, ya ce, "In wannan ba ta isa ba, Anti, sai dai mu aika daji a kamo giwa."

Ta sake daga farko, rayayyu da matattu, kowa da rabonsa, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Mutum ɗaya ne bai ji sunansa ba.

"Vallie," Neville ya ce a hankali, "ba ki manta kowa ba?"

Ta juyo ta dube shi tun daga takalmi har furfura. Babu faɗa a idon, sai fara'a irin wadda ake yi wa baƙo a ƙofar coci.

"Ayya, bawan Allah, ka yi haƙuri, kai kana ta ɗawainiya da jaka. In ba ka da wurin zuwa ka zo gidanmu, ba ma korar kowa." Ta ɗora yatsu. "Tsohon nan mai kirki, biyu da ɗaya."

Saura kuwa wajen kaurin, can ƙarshe. Ta shimfiɗa tafin hannunta gaba ɗaya a wurin, ta ɗan danna, ba ta kira kowa ba. Ta ce, "Ta yi. Naɗe."

Neville ya ɗauki cinyar nan zuwa mota, bai ji nauyinta ba, don abin da ke ƙirjinsa ya fi ta nauyi.

Daga ranar nan Valda ta koma yi masa ladabi, kuma ladabin ne ya fi komai cin ransa. Ya kawo mata shayi, ta ce ta gode, Allah ya saka. Ya bar takalmi a tsakiyar ɗaki da gangan, ta kewaye su. Ya buɗe jarida a kan teburin cin abinci, ya hura shayi da ƙarfi har ya fantsama, ta miƙo masa tsumma tana murmushi. Mutumin da ya shekara arba'in yana roƙon a bar shi ya huta, ga shi yau yana bara a zage shi, an hana.

Ana gobe Kirsimeti Lorna ta zo taya aiki, ta ga cinyar ta dafe ƙirji.

"Baba! Mu nawa ne? Wannan ai har Ista muna ci."

"Ta ƙirga da Kawunki Sam," ya ce. "Da kakarki. Da Anti Hester."

Lorna ta zauna a kan kujera. Can ta ce, "Kai fa?"

Ya yi kamar yana neman murfin tukunya.

Amma hannu ba ya mantuwa da wuri. Valda ta sa aka aro babbar tukunyar maƙwabta, ta dafa cinyar a lemon citta da albasa har gidan ya ɗauki ƙamshi. Ta saɓule fatar tun da zafinta, ta tsattsaga kitsen gida-gida, ta soka kanumfari a kowane gida, ta shafe da jam da mustad, ta jera yankan abarba tana kafe su da tsinke. Ba ta tambayi kowa komai ba. Sau ɗaya ta tsaya da cokali a hannu, idonta ya yi nisa, Lorna ta yunƙura za ta karɓa, uban ya riƙe mata gwiwar hannu. Jim kaɗan cokalin ya ci gaba da aikinsa. Da cinyar ta fito daga obin tana ƙyalli, gefenta ya yi baƙi-baƙi da ƙonannen sukari, Valda ta kore su duka daga kicin ta rufe ƙofa, ta ce ba a kallon mai yanka.

Ranar Kirsimeti bayan an taso daga coci gidan ya cika. An haɗa tebura har tsakar gida, ga shinkafa rawaya mai zabibi, ga harshen saniya, ga salak ɗin dankali, yara suna ta zarya da hulunan takarda. Aka shigo da gamon a babban faranti, an yanka shi an jera, aka yi tafi. Fasto Adonis ya yi addu'a gajeriya, don shi ma idonsa na kan farantin. Ya ci yatsunsa uku cif, ya kuma leƙa na maƙwabcinsa.

Doreen ce ta lura. "Wai ina ƙarshen? Wajen ƙonannen nan? Ko ɓera ya riga mu?"

"Ci abin da ke gabanki," in ji Valda. "Ba naki ba ne."

Aka yi dariya aka wuce. Neville yana can ƙarshen teburi inda ta zaunar da shi, kusa da yara. Ta zuba masa da hannunta, yanka biyu masu kyau, ta ce ya saki jiki kamar gidansu. Ya ci don kada ta ji babu daɗi, amma da za a tambaye shi ko gishiri ya ji, da bai sani ba.

Da aka gama, aka fito da robobin askirim da ta shekara tana tarawa a saman kabad. Valda ta tsaya a kan ragowar naman kamar mai rabon gado, tana cikawa tana kira. Na fasto, na Lorna, na yara. Sannan ta ɗaga wata.

"Na Sam. Ina ya shiga kuma? Kullum sai an neme shi."

Tsakar gidan ta yi tsit, har ana jin rediyon maƙwabta. Idan rana ta fito tafin hannu ba ya kare ta. Wanda bai sani ba a da, yanzu ya sani. Sai Doreen ta ture kujerarta, ta miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ta zo ta karɓa da hannu biyu.

"Kawo, Yaya. Ni zan kai masa. Kin san halin ƙaninki, yana can ya miƙe ƙafa."

"Ki ce masa na ce ba shi da kunya."

"Kullum ina gaya masa," in ji Doreen, ta koma ta zauna da robar a cinya tana shafa murfin.

Daga nan abin ya zo da sauƙi. Jikar Anti Hester ta karɓi ta kakarta. Lorna ta karɓi ta tsohuwa, mai siraran yanka. Babu wanda ya yi kuka a fili, sai fasto da ya ce wai mustad ne ya hau masa hanci. Neville ya karɓi tasa, ta tsohon nan mai kirki, ya yi godiya.

Baƙi suka fara raguwa, inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Sai Valda ta kasa zama. Ta je taga ta ɗaga labule, ta dawo, ta sake komawa. Ta shiga kicin, Neville ya ji ƙarar murfin tukunya, ta fito da wata roba a naɗe cikin tawul mai tsabta. Ta zo wurinsa tana murza gefen tawul ɗin.

"Bawan Allah, don Allah in roƙe ka wata alfarma. Ka san tashar bas?"

"Na sani," ya ce.

"Maigidana direba ne. Bai taɓa kaiwa war haka bai dawo ba, ina jin sun ƙara masa zagaye. Ba ya cin komai a hanya, taurin kai gare shi. Ka kai masa wannan. Ka tambayi Fortuin, kowa ya san shi, dogo ne, kyakkyawa." Ta rage murya. "Kada ka gaya masa na ce kyakkyawa, kansa zai fashe."

Ya ɗaga gefen tawul. Ƙarshen cinyar ne, wajen kaurin, da ƙonannen sukarinsa da kanumfarinsa, faɗin tafin hannu cif. Shi ne abin da yake tararwa a rufe duk shekarun da yake shigowa ta ƙofar kicin. Bai taɓa tambaya ba, a zatonsa abin da baƙi suka rage ne. Ashe tun a gaban mahauci ake cire masa, kafin na fasto, kafin na kowa ya shiga faranti.

Ya rungumi robar ya fita ta ƙofar gaba, ya taka har kwanar layi inda bas ke tsayawa, ya zauna a kan benci. A nan ne dattijo ya yi kukansa, kuka sosai, irin na mai farin ciki da baƙin ciki a lokaci guda, yara masu sabon keke suna wucewa suna kallonsa.

Takun takalmi ya ji, ya ɗaga kai, sai ga Lorna tana haki. A hannunta tsohuwar hular aikinsa ce, wadda ta shekara da shekaru a rataye bayan ƙofar ɗaki, ta kakkaɓe ƙurar a jikin rigarta.

"Tana tsaye a taga, Baba," ta ce. "Bari in riga ka. Ka biyo ta baya."

Ya share fuska, ya kafa hula, ya ɗan karkata ta hagu yadda ya saba. Ya bi ta lungun da ke tsakanin gidansu da na maƙwabta. Kafin ya kai sai ya ji muryar Lorna daga bakin ƙofa, mace mai 'ya'ya uku tana ihu kamar 'yar firamare: "Mama! Ga Baba nan! Ga Baba ya dawo!"

Ya tura ƙofar kicin. Valda tana tsaye, hannu biyu a ƙugu.

"Sai yanzu? Sai yanzu ka ga damar dawowa, Fortuin? Mutane sun ci sun tafi, ni ina nan ina zarya kamar kazar da za ta yi ƙwai!"

"Wani tsoho ne ya kawo mini wannan a tasha," ya ce, ya ɗaga robar.

"Ai ya fi ka kirki. Tun safe yake taya ni aiki, kai kana can kana yawo da matan mutane zuwa bakin teku. Cire mini takalman nan! A nan za ka tsaya da su? Wanke hannu, duk warin dizal. Kuma ka zauna, ba na son cin tsaye kamar doki."

Ya cire, ya wanke, ya zauna. Bai taɓa jin waƙar coci da ta kai faɗan nan daɗi ba. Ta juye naman a faranti, ta yanka masa da kanta, ta turo gabansa, ta ja kujera ta zauna tana kallon bakinsa yadda take yi tun suna amarya da ango. Lorna da Doreen suna maƙale a bakin ƙofa, kowace ta toshe baki da hannu.

Ya kai loma ta farko. Valda ta miƙa hannu ta cire masa hular, don ba a cin abinci da hula a gidanta. Sai ta tsaya, hular a hannu, tana duban kansa. Ta shafa furfurar da yatsu biyu, a hankali.

"Fortuin, wane irin zagaye suka ba ka haka? Ka fita da baƙin gashi."

"Hanyar ce da tsawo, Vallie," ya ce.

"To, ai ka iso," in ji ta. "Ci, kafin Doreen ta gani."